Kociyoyin da Suka Ɗaga Kofin Jami'o'in Amurka, Aka Kuma Ce Ba Su Iya Ba

Masu bin ƙwallon Turai ba su manta da ranar 21 ga Nuwamban 2012 ba, ranar da Chelsea ta sallami Roberto Di Matteo wata shida kacal bayan ya ciyo mata kofin Zakarun Turai. Kwana huɗu bayan haka, a jihar Alabama ta Amurka, Jami'ar Auburn ta yi wa nata kocin, Gene Chizik, irin wannan sallama. Ko shekara biyu bai cika da ɗaga kofin ƙasa ba, kofin da ya ci bayan wasa 14 a jere ba a doke shi ko sau ɗaya ba. Har yau idan 'yan jaridar wasanni a Amurka suka tada gardama kan kocin da ya fi kowa rauni cikin waɗanda suka taɓa cin kofin jami'o'i, sunansa ne kan fara fitowa, sai na Larry Coker da Ed Orgeron su biyo baya.

Ƙwallon da ake magana a kai ita ce ta Amurkawa, mai siffar ƙwai, wadda ake jifa ana ruga wa da ita a hannu, kowa da hular kwano. A can wasan jami'o'i babbar harka ce. Filin Jami'ar Michigan yana cin mutum sama da 107,000, kuma a jihohi da dama babu ma'aikacin gwamnati da ya kai kocin jami'a albashi, har da gwamna. Sai dai ɗalibi kaka huɗu yake bugawa a bisa ƙa'ida, gwanaye ma sukan tafi bayan uku su shiga gasar ƙwararru ta NFL. Saboda haka rabin aikin koci farautar yaran sakandare ne, gida-gida, ana lallashin iyaye. Dabarun fili kuwa yawanci suna hannun manyan mataimaka biyu, ɗaya na kai hari, ɗaya na tsaro, sai kuma kwatabak, wato ɗan wasan da ke karɓar ƙwallo ya jefa, wanda duk hari daga hannunsa yake tashi. A irin wannan tsari, mutum zai iya zama a kujerar koci shekara guda, komai ya haɗu masa, ya ɗauki kofi. Iyawarsa ta gaske sai yaran sun tafi ake gane ta.

Coker dai dami ya tsinta a kala. Butch Davis ne ya karɓi Jami'ar Mayami a 1995 tana gab da shiga takunkumin hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ya sha wahalar gina ta, har a kakar 2000 ta ci wasa 11 ta faɗi ɗaya. A Janairun 2001 sai Davis ya tafi NFL horar da Cleveland Browns. 'Yan wasan da kansu suka matsa wa hukumar jami'a ta ba Coker, mai kula da harinsu, dattijo mai shekara 52 da rabonsa da shugabantar wata ƙungiya tun yana koyarwa a sakandare a Oklahoma. Abin da ya gada ya wuce misali: Ed Reed, Andre Johnson, Jeremy Shockey, Clinton Portis, Jonathan Vilma. Masu ruga wa da ƙwallo irin su Willis McGahee da Frank Gore a benci suke jiran Portis ya gaji. Daga wannan tawaga NFL ta ɗebi mutum 38, 17 daga cikinsu a zagayen farko. Ranar 3 ga Janairun 2002 suka lallasa Nebraska da maki 37 da 14, Coker ya zama koci na farko tun 1948 da ya ci kofin a shekararsa ta fari a matsayin babban kocin jami'a.

Ya kuma kusa maimaitawa. A wasan ƙarshe na kakar 2002, cikin ƙarin lokaci, Mayami na gaban Ohio State da 24 da 17, jifan ƙarshe na Ohio State ya faɗi ƙasa. An harba wasan wuta, 'yan Mayami sun fantsama cikin fili suna murna, sai ga alƙali Terry Porter ya jefa tutar laifi a makare, ya ce mai tsaron Mayami ya tare mai cafe ƙwallo ba bisa ƙa'ida ba. Aka koma wasa, Ohio State ta ci 31 da 24. Ta leƙo ta koma. Daga nan aka fara gangara a hankali: faɗuwa biyu a 2003, uku a 2004, uku a 2005, ciki har da kashin 40 da 3 da jami'ar LSU ta ba su. A 2006 'yan wasansa suka ba hamata iska da na Florida International a tsakiyar fili, aka kuma harbe ɗan wasansa Bryan Pata, aka sallami Coker a Nuwamba. Ya bar Mayami da nasara 60, faɗuwa 15. Ina ganin an yi zalunci idan aka sa mai wannan lissafi a sahun marasa iyawa. Laifinsa na gaske shi ne bai iya cike gurbin yaran Davis da irinsu ba.

Labarin Chizik daban ne, domin shi tun ranar da aka ɗauke shi ake ƙorafi. Gwani ne wajen tsara tsaro, babu mai musu: shi ke riƙe da tsaron Auburn a 2004 da ba a doke ta ba, yana kuma cikin masu tsaron Teksas da ta ci kofi a 2005. Amma da aka ba shi ƙungiya tasa a Iowa State, wasa 5 ya ci, ya faɗi 19 cikin kaka biyu. Da Auburn ta ɗauko shi a Disambar 2008, wani magoyin baya har filin jirgi ya je yana yi wa daraktan wasanni Jay Jacobs ihu. Charles Barkley, tsohon ɗalibin jami'ar kuma tauraron ƙwallon kwando, ya fito fili ya ce launin fata ne ya sa aka tsallake Turner Gill, kocin Buffalo baƙar fata.

Abu biyu suka rufa wa Chizik asiri. Ya ɗauki Gus Malzahn ya miƙa masa harin, mutumin da salonsa shi ne hanzari, ba ya barin abokan hamayya su numfasa. Sannan a 2010 Cam Newton ya zo daga ƙaramar kwalejin Blinn ta Teksas. Newton ƙato ne mai gudu da jifa. A kaka ɗayan da ya yi a Auburn ya jefa ƙwallon da aka ci sau 30, ya ruga ya ci da ƙafarsa sau 20, ya karɓi kyautar Heisman ta gwarzon shekara, duk kuwa da binciken da ya nuna mahaifinsa ya nemi kuɗi daga ɓangaren Mississippi State. A gidan Jami'ar Alabama an yi musu 24 da nema, suka farfaɗo suka ci 28 da 27. Wasan ƙarshe da Oregon, ranar 10 ga Janairun 2011, ana 19 da 19 saura kusan minti biyu, Michael Dyer ya ɗauki ƙwallo, mai tsaro Eddie Pleasant ya cafke shi suka faɗi tare. Kowa ya tsaya, har Dyer ɗin kansa. Ashe a kan jikin Pleasant ya mirgina, gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba, alƙali kuma bai busa ba. Daga gefen fili aka yi ta yi masa ihu ya ruga, ya ruga, ya ci yadi 37. Wes Byrum ya buga ƙwallon da ta kai su 22 da 19 daidai lokacin da agogo ya cika.

Newton ya tafi NFL, Malzahn ya tafi bayan kaka ɗaya, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. A 2012 Auburn ta ci wasa 3 ta faɗi 9, ba ta ci ko ɗaya ba cikin wasa 8 na rukuninta na SEC, Alabama ta rufe ta da 49 da nema. Aka biya Chizik dala miliyan 7.5 ya tafi. Abin da ya ƙara tona shi, Malzahn ya dawo a 2013, da yawancin yaran nan da aka ce ba su da amfani, ya kai su har wasan ƙarshe, inda Florida State ta sha da ƙyar da 34 da 31.

Orgeron, ɗan ƙauyen Larose na Luwiziyana mai murya kamar ana niƙa tsakuwa, shi ma ya taɓa kwasar kunya: nasara 10, faɗuwa 25 a Ole Miss daga 2005 zuwa 2007. LSU ta ba shi riƙon ƙwarya a 2016 sannan ta tabbatar masa. A 2019 tawagarsa ta ci wasa 15 cif, kwatabak Joe Burrow ya jefa ƙwallon da aka ci sau 60, suka doke Clemson 42 da 25 ranar 13 ga Janairun 2020. Nan da nan Joe Brady mai tsara jifa ya tafi Carolina Panthers, Dave Aranda mai tsaro ya tafi Baylor, NFL ta kwashi yara 14. Kaka biyun da suka biyo baya, kunnen doki: 5 da 5, sai 6 da 6. Wata 21 bayan kofin aka sanar da rabuwa. Sai dai a faɗi gaskiya, Orgeron ne ya ɗauko Burrow daga bencin Ohio State, shi ya kawo Brady, shi ya amince a watsar da tsohon salon LSU na turereniya. Wanda ya tara mutanen da hannunsa ba za a ce masa ɗan cin banza ba.

Abin da ke ƙona ran masana shi ne manyan da suka ƙare ba su taɓa kofin ba. Bo Schembechler ya yi kaka 21 a Michigan, daga 1969 zuwa 1989, bai samu ba. Bill Snyder ya tsamo Kansas State daga ƙasan kowa ya mai da ita abin tsoro, bai samu ba. Frank Beamer ya kai Virginia Tech wasan ƙarshe na kakar 1999, Florida State ta hana shi. Babu mai hankalin da zai ba da ɗaya daga cikinsu a musanya masa da Chizik.

Idan har dole sai an fitar da guda, Chizik ne. Coker bai taɓa ƙare kaka a Mayami da faɗuwa ta fi nasara ba, Orgeron kuma ya bar LSU da 51 da 20. Chizik kuwa, in aka cire shekarar Cam Newton, kaka biyar ɗin da suka rage masa a kujerar babban koci sun tashi da nasara 24, faɗuwa 38, kuma tun daga 2012 babu jami'ar da ta sake ba shi wannan kujera.