Ƙarin Guringuntsi a Ƙugu: Yadda Likitoci Suka Koyi Duba Mazauninsa

Idan mutumin Wudil ya shafe watanni da ciwon ƙugu, yawanci sanyin ƙashi ake cewa, a shafa mai ko a nufi gidan maɗori. A mafi yawan lokuta ciwon ba mai haɗari ba ne. Amma jefi-jefi abin da ke ciki ƙari ne da ya tsiro daga guringuntsi, kuma likitanci ya kwashe fiye da ƙarni guda kafin ya san yadda zai ɗauke shi.

A 1838 Johannes Müller, masani a Balin ta Jamus, ya wallafa bincikensa kan ƙari iri-iri da ya duba da madubin likita, ciki har da na guringuntsi da ake kira enkondiroma. Bayan Wilhelm Röntgen ya gano hoton ƙashi a 1895, an fara ganin irin wannan ƙari a jikin mai rai ba sai an tsaga ba. A 1943 kuma Louis Lichtenstein da Henry Jaffe, likitoci a Niyok ta Amurka, suka fayyace alamun da ke raba marar illa da kansar guringuntsi, duk da cewa su biyun suna kama da juna ƙwarai a ƙarƙashin madubi.

Darasin da ya tabbata daga baya shi ne cewa mazaunin ƙarin na da muhimmanci. A yatsun hannu kusan kullum marar illa ne. A ƙashin ƙugu kuwa marar illa ba kasafai ake samunsa ba, don haka likita kan ɗauke shi da zargi har sai gwaji ya wanke shi. Ƙugu na da zurfi da sarari, ƙarin na iya girma shekaru ba a gan shi ba. Ga shi kuma wannan kansa ba ta cika jin magani ko gashi ba. Tiyata ce babban mafita, kuma ta fi sauƙi tun ƙarin na ƙarami.

Wannan ilimi bai yi wa Wudil nisa ba. Asibitin Ƙashi na Dala na aiki a Kano tun 1959, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma an kafa shi a 1988. Ɗori sana'a ce mai tarihi a ƙasar Hausa, amma aikinta karaya da targaɗe ne. Ciwon ƙugu da ya ƙi tafiya, musamman mai hana barci ko mai zuwa da kumburi, hoto yake buƙata.