Narambaɗa da Waƙar Fada a Ƙasar Isa

An haifi Ibrahim Narambaɗa a garin Tubali, wanda a yau yake cikin yankin Shinkafi, ya kuma fara yin suna a fagen kokawa kafin ya rungumi kotso, wato gangar nan mai baki ɗaya wadda ake ratayawa a kafaɗa a kaɗa da yatsu. Da waƙoƙin noma ya soma, daga bisani ya zama makaɗin fadar Sarkin Gobir na Isa, Amadu Bawa, inda ya yi waƙoƙin da suka ɗaukaka sunansa har ya zuwa rasuwarsa a farkon shekarun 1960.

Ko da yake waƙar fada yabon sarauta ce, ba ta soyayyar saurayi da budurwa ba, ƙaunar da ke tsakanin makaɗi da ubangidansa tana fitowa fili a cikin muryarsa, wadda ba ta gaggawa, da kuma yadda 'yan amshinsa suke karɓa cikin natsuwa. A nan ne ƙwarewarsa ta fi bayyana, musamman a Bakandamiya, waƙar da manazarta suke ɗauka a matsayin ƙololuwar fasaharsa, wadda har yanzu ake nazarin Gobirancinta a jami'o'i.