Daga Garken Alade zuwa Cokalin Maganin Ɗanka

Mai karatu, wataƙila ba ka taɓa kusantar garken alade ba, ba ka kuma da niyya. Amma maganin tsutsar cikin da likita ya rubuta wa ɗanka, wani ɓangare na tarihinsa a irin wannan garke ya faro.

Babbar tsutsar hanjin alade, wadda masana ke kira Ascaris suum, 'yar'uwa ce ta kusa ga macijin cikin da ke addabar yaranmu. Macen kan zuba ƙwai kusan 200,000 a rana, ƙwan kuma yakan shafe shekaru a cikin ƙasa bai mutu ba. A farkon ƙarni na 20, manoman Amurka sun riƙa ɗura wa dabbobinsu man wani tsiro mai suna chenopodium, daga baya suka koma ga gishirin sodium fluoride. Dukansu guba ne: a rage awo tsutsa ta tsira, a ƙara kaɗan dabba ta kwanta.

Wannan ne ya sa wajajen 1919 masanin Ma'aikatar Noma ta Amurka, Brayton Ransom, ya gwada wata dabara a gundumar McLean ta jihar Illinois. A wanke ɗakin haihuwa da tafasasshen ruwa, a wanke uwar da sabulu kafin ta haihu, sannan a kwashe ta da 'ya'yanta zuwa sabon makiyaya. 'Ya'yan suka yi ta rayuwa suna ƙiba. A ganina, wannan ne babin da aka fi mantawa da shi.

Magunguna masu sauƙin illa sun biyo baya. Piperazine ya yaɗu a shekarun 1950. Shanye jikin tsutsar yake yi, hanji ya fitar da ita. Thiabendazole ya fito a 1961, sai ɗan gidansu albendazole a tsakiyar shekarun 1970, wanda ya fara da dabbobi kafin ya zama ƙwayar da ake raba wa yara a makarantu. Ivermectin kuwa, daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasar Jafan aka samo shi, ya shiga kasuwar dabbobi a 1981, kuma daga 1987 aka fara bayar da shi kyauta domin makantar kogi. Ya taimaka ƙwarai har Nijar ta zama ƙasar Afirka ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta rabu da cutar, a 2025.

Kada dai wannan zumunci ya rude ka. Kwalbar shagon maganin dabbobi an haɗa ta ne bisa nauyin dabba, ba ta ɗan Adam ba ce. Kuma idan malamin asibiti ya ce ka dawo da yaro bayan wata shida, ba gazawar magani ba ce: ƙwayar ta kashe tsutsar ciki, amma ƙwan yana nan a tsakar gida, inda yaron zai koma wasa da yamma.