Makarantun Rosenwald da Sharaɗin da ke Cikin Kyauta

A tarihin taimakon da attajirai suka yi wa ilimin 'ya'yan talakawa, aikin Julius Rosenwald ya cancanci a tsaya a kansa. Bayahude ne ɗan Amurka, shugaban kamfanin Sears, Roebuck da ke Chicago. A 1911 ya haɗu da Booker T. Washington, shugaban makarantar Tuskegee ta jihar Alabama, mutumin da aka haifa cikin bauta. A lokacin dokar wariyar launin fata ta raba makarantu a kudancin Amurka, kuma 'ya'yan baƙar fata na karkara galibi a coci ko a wani tsohon ɗaki mai yoyo suke karatu, shi ma na 'yan watanni, sauran shekarar suna gonar auduga. Sai mutanen biyu suka shirya gina wa waɗannan yara makarantu, aka fara da shida a kewayen Tuskegee. Zuwa 1932, shekarar da Rosenwald ya rasu, an gina kusan 5,000 a jihohi 15.

Abin lura shi ne yadda aka raba kuɗin. Daga cikin kimanin dala miliyan 28 da aikin ya ci, abin da ya fito daga hannun Rosenwald kimanin kashi 15 ne cikin ɗari. Baƙar fatan kansu sun tara abin da ya ɗan ɗara nasa, sannan kusan kashi biyu cikin uku ya fito daga baitulmalin hukuma. Ya yi hakan ne da gangan. Ba ya sakin ko sisi sai mutanen gari sun kawo nasu, an samar da fili na aƙalla eka biyu, hukumar ilimi ta yankin kuma ta yarda makarantar ta zama tata, ita za ta riƙa biyan malamai. Hujjata ke nan: darajar wannan kyauta tana cikin nauyin da ta ɗora wa hukumar da a da ta yi biris da waɗannan yara.

Mutanen da ba su da na cin yau suka tashi haiƙan. Mata suka sayar da kaji da soyayyen kifi, manoma suka ware audugar eka guda domin makaranta, wanda ba shi da kuɗi ya kawo katako ko ya yi dako. Tsarin ginin ma an yi masa tunani. Da yake babu lantarki, sai aka jera dogayen tagogi suna fuskantar gabas ko yamma, yadda haske zai sauka a kan littafin yaro ba tare da inuwar hannunsa ta rufe rubutu ba. A makarantu da yawa bangon da ke tsakanin azuzuwa na katako ne mai naɗewa, da dare a buɗe shi ya zama zauren taron gari. A 2011 masana tattalin arziki biyu, Daniel Aaronson da Bhashkar Mazumder, suka nuna cewa makarantun sun taka babbar rawa wajen rage tazarar karatu tsakanin baƙar fata da farar fata a karkarar kudu. John Lewis, jagoran fafutukar 'yanci wanda ya zama ɗan majalisa, a irinsu ya yi karatu.

Akwai suka mai nauyi, kuma ban ga hanyar kauce mata ba. Waɗannan talakawa sun riga sun biya haraji, harajin ya tafi makarantun farar fata, sannan aka ce su sake biya kafin 'ya'yansu su sami aji. An tatse su sau biyu. Shirin kuma bai taɓa dokar wariya ba, a cikinta ya yi aiki, dokar kuma ta ci gaba har zuwa lokacin da Kotun Ƙoli ta soke wariyar makarantu a 1954. Wanda zai koyi da Rosenwald dole ya san cewa sharaɗin da ya dace a tsananta shi ne na hukuma. Na talaka kuwa a sassauta shi, ya tsaya iya abin da zai sa ya ji makarantar tasa ce.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a Najeriya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓi na tarayya daga hukumar ilimin bai-ɗaya, UBEC, amma jihohi da dama sun sha barin kuɗin a ajiye domin ba su kawo nasu ba. Wato sharaɗi shi kaɗai ba ya motsa hukuma idan babu jama'ar da ke tsaye a kanta. A kudancin Amurka iyayen da suka sayar da kajinsu su ne suka riƙa bin sawun malami da albashinsa. A nan gida attajiri kan gina azuzuwa, a yanka kirtani, a watse. Bayan damina biyu a tarar da yara sun cika aji babu mai koyar da su. Da tun kafin a haƙa tushe an zauna da ƙaramar hukuma da kwamitin iyaye, an rubuta yawan malaman da za a turo da inda albashinsu zai fito, da iyayen suna da takardar da za su ɗauka su tafi ofishin sakataren ilimi ranar da malami ya daina zuwa.