Fandeshan (kayan kwalliya)

Fandeshan wani nau'in kayan kwalliya ne da ake shafawa a fuska domin daidaita launin fata da rufe tabo ko ƙuraje, kafin a ɗora sauran kwalliya kamar jan baki da gazal. Yana zuwa a matsayin ruwa-ruwa, ko kirim, ko sanda, ko hoda da aka danne. Kalmar aro ce daga Turanci, inda asalin ma'anarta harsashin gini ce.

Tarihi

A Turai, tun ƙarni na 16 mata masu hali suna shafa farin hoda mai ɗauke da dalma, wadda daga baya aka gane guba ce. Fandeshan na zamani ya samo asali ne daga dandalin wasan kwaikwayo da masana'antar fim. A 1914 Max Factor ya haɗa wani maiƙo mai laushi domin 'yan fim a Hollywood, sannan a ƙarshen shekarun 1930 kamfaninsa ya fito da Pan-Cake domin fina-finai masu launi. Daga wannan sunan Hausa ta samu kalmar fankeke.

Shekaru da dama kamfanoni sun fi yin launuka na fararen fata. A 1973 Eunice Johnson da mijinta John H. Johnson, masu mujallar Ebony, suka kafa Fashion Fair domin baƙaƙen mata a Amurka. Iman, 'yar tallan kayan ƙawa haifaffiyar Somaliya, ta kafa nata kamfanin a 1994. A 2017 Fenty Beauty na mawaƙiya Rihanna ya fito da launuka 40 a lokaci guda, abin da ya sa manyan kamfanoni da yawa faɗaɗa nasu.

Zaɓen launi

Abubuwa biyu ake dubawa. Na farko shi ne zurfin launi, wato hasken fata ko duhunta. Na biyu shi ne launin da ke ƙarƙashi, wanda ke iya karkata zuwa ja, ko ruwan ɗorawa, ko ya tsaya tsakiya. Mutum biyu na iya zama wankan tarwaɗa iri ɗaya, amma launi guda ya dace da ɗaya ya ɓata ɗayan. Kalmomin da Hausa ke siffanta fata da su, fari da baƙi da wankan tarwaɗa, zurfi kawai suke nunawa, ba su ce komai game da na ƙarƙashi ba.

Ana haɗa launin fandeshan daga farin sinadari na titaniyom da sinadaran tsatsar ƙarfe masu launin ja, rawaya da baƙi. Idan farin ya yi yawa, a fatar baƙin mutum sai fuska ta yi toka-toka, kuma hakan ya fi fitowa a hoton da aka ɗauka da walƙiyar kyamara. Wannan shi ne abin da ake yawan gani a wasu hotunan biki, fuskar amarya da wuyanta kamar na mutum biyu. Sau da yawa ba rashin launi a kasuwa ne sanadi ba, da gangan ake zaɓar wanda ya fi fata haske.

Masu kwalliya suna gwada launi ne a muƙamuƙi, inda fuska da wuya ke haɗuwa, ba a bayan hannu ba, domin launinsa kan bambanta da na fuska. Ana ja layuka biyu ko uku kusa da juna, a duba da hasken rana. Wanda ya ɓace cikin fata shi ne daidai. Ana kuma jira na wasu mintuna, saboda wasu fandeshan suna ƙara duhu ko ja bayan sun bushe sun gauraya da maiƙon fuska. Dabarar duba launin jijiyoyin wuyan hannu, wadda littattafan kwalliya ke yawan ambata, ba ta da amfani sosai ga mai duhun fata, tunda jijiyoyin ba sa fitowa sarai.

Lambobin da ke jikin kwalba ba ɗaya suke ba tsakanin kamfanoni. A tsarin MAC, misali, NC na masu launin ɗorawa ne a ƙarƙashi, NW kuma na masu karkata zuwa ja, akasin yadda wasu kamfanonin ke amfani da waɗannan haruffa.

Launin fata na sauyawa da yanayi. Wanda ya dace a lokacin bazara, sa'ad da rana ke ƙara duhun fuska, yana iya yin duhu da yawa a lokacin hunturu, kuma bushewar fata a lokacin kan sa fandeshan ya tsattsage idan ba a fara shafa mai ba.