Haɗejiya, Garin Bakin Kogi

Masu ba da labarin gargajiya sun ce wani maharbi ne wai shi Haɗe, da matarsa Jiya, suka fara sauka a wurin, aka gama sunayensu aka kira garin Haɗejiya. Ko haka ne ko ba haka ba, abin da ya tsai da mutane nan kogi ne. Ruwan Kano da na Calawa ke haɗuwa su gangaro, su malale bisa fadamu kowace damina, sa'an nan su nufi Yobe har Tafkin Cadi.

A zamanin Haɓe ƙasar ba ta hannun sarki guda. Akwai Auyo da Garun Gabas da Gatarwa da sauransu, duk suna kai gaisuwa Barno ta hannun Galadima. Da aka yi jihadi Fulanin ƙasar suka karɓo tuta. Sambo ya hau gado cikin 1808, ya mai da Haɗejiya mazauninsa, ya faɗaɗa ganuwa.

Ɗansa Buhari kuwa, har yau ba a gama gardama a kansa ba. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi cikin 1850, ya komo da ƙarfin yaƙi ya ƙwace sarauta. Aka tara masa runduna, ya watsa ta a Kafur. Garin ya cika da dawaki da bayi, amma talakawan ƙasashen maƙwabta sun sha wuya, gaskiya ba ta ɓuya. Ya rasu wurin yaƙin Gorgoram, a ƙasar Bade, cikin 1863.

Ran 25 ga Afril 1906 sojan Turawa suka auka wa garin. Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka yi ta gwabzawa titi titi har ƙofar fada, aka kashe shi tare da jarumawansa da yawa. Don haka ake ce masa Mai Shahada.

A dā fatake kan ratsa nan tsakanin Kano da Barno, da tufafi da goro, su komo da kanwa da dabbobi. Da hanyar jirgi ta isa Nguru cikin 1930 ba ta biyo ta cikin gari ba, sai ta Malam Maduri. Can aka kafa kantuna da sikelin gyaɗa da fatu, ciniki mai yawa ya koma can. Abin da jirgi bai iya ɗauke wa Haɗejiya ba shi ne kifi da shinkafa.

To, kogin ma ya sake hali. Da aka gama madatsar Tiga cikin 1974, da ta Calawa cikin 1992, malalar damina ta ragu, ruwa ya riƙa gudana har da rani. Kacalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, gonaki waɗansu suka nutse, waɗansu suka bushe. Manoma da masunta kan haɗu su yi gayya da lauje su sare ta, ba a jimawa ta sake tsirowa.