Waya da Auduga: Zamanin da Muke Gyara Sigarin Lantarki da Hannunmu

Kan sigarin lantarkin da ke aljihuna ya haura shekara tara a hannuna. Da ƙarfen da ba ya tsatsa aka ƙera shi, kuma har yau lafiyarsa lau. Abin da ke mutuwa a cikinsa shi ne auduga, da wayar da ke ɗumama ruwan da ke zama tururi, da 'yan zobban roba masu hana yoyo.

Lokacin da Hon Lik, masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, ya yi rajistar ƙirarsa ta sigarin lantarki a 2003, kamfanin Ruyan kuma ya fara sayarwa a 2004, ba wanda ya kawo zancen gyara. Kai ya ƙone, ka jefar, ka sayi wani. Mu da muka rungume shi don mu rabu da taba mun ji jiki, domin wani kan ko mako biyu ba ya kaiwa. Takaicin wannan asara ne ya sa mutane a Turai da Amurka suka fara farke kawunan suna naɗa sabuwar waya da kansu.

Daga Jamus salon Genesis ya ɓullo, inda ake naɗe ragar ƙarfe ta zama lagwani. Sai ka babbake ragar da wuta har ta yi baƙi don kada lantarki ya bi ta jikinta. Ka ɗan kuskure, wuri guda a wayar ya yi jajir, ɗanɗanon ƙarfe ya cika maka baki. Na raba dare a kanta ba sau ɗaya ba. Da kan Kayfun na kamfanin SvoëMesto ya zo, da yawanmu muka sarara, don naɗinsa ba wuya kuma ba ya ɓata ruwa.

Kusan duk kayan aikinmu aro ne daga wasu sana'o'i. Wayar Kanthal, haɗin ƙarfe da kuromiyam da alminiyam, a Suwidin aka ƙirƙiro ta don murhun lantarki. Da muka gaji da zaren silika da muke lagwani da shi, sai muka koma audugar Japan da mata ke goge kwalliya da ita, irin ta Koh Gen Do da Muji. Naɗin Clapton kuwa, siririyar waya da aka nannaɗe a kan mai kauri, daga tsirkiyar jita aka kwaikwayo shi.

Ni duk kwana uku ko huɗu nake sauya auduga. Nakan zare tsohuwar, wadda tsakiyarta ta koma ruwan ƙasa, in ga wayar ta yi ƙanzo kamar gindin tukunya, musamman idan ruwan mai zaƙi ne, don sinadarin zaƙin ne ke daskarewa a jiki. Sai in danna wuta kaɗan-kaɗan har ta yi ja mara ƙarfi daga tsakiya zuwa gefe, in bar ta ta huce, in goge da ƙaramin buroshi, in ɗauraye. Da wannan kulawa waya ɗaya takan kai ni wata biyu. Amma da kamfanin Evolv ya kawo na'urar daidaita zafi a 2014 aka fara amfani da wayar nikel, sai muka koyi cewa ita ba a ƙona ta a bushe, haka ma titaniyam. Batir mai yagaggiyar riga kuwa ba na kusantarsa, kuma ba na kunna sabon naɗi sai na auna shi.

A ƙarshen 2014 kamfanin Aspire ya fitar da kan Atlantis, mai ba da tururi da yawa ba tare da ka naɗa komai ba. Juul ya biyo baya a 2015, daga nan na sha-ka-yar suka mamaye kasuwa. Wannan yana ci mini rai. Ana zubar da batirin litiyam mai sauran rai a bola, kuma yaran da ba su taɓa kunna taba ba suna kamuwa da jarabar nikotin, alhali mu hanyar fita muka nema. Birtaniya ta haramta sayar da na sha-ka-yar daga 1 ga Yuni, 2025, kuma na goyi bayan hakan.

Shagunan da nake sayen waya da zobban roba yawancinsu sun daina kawowa. Bara na samu zobban roba masu girman nawa a wurin mai gyaran agogo, na sayi ashirin na adana a gwangwani.